Tanimu da Dikodar Sata

An yi wani mutum a wani gari, sunansa Tanimu, sana'arsa haɗa satalayit. Bawan Allah ne, ba shi da komai sai tsani da jakar kayan aiki.

A lokacin an shigo da wata dikoda mai buɗe tashoshin biya kyauta, kowa na rububinta. Tanimu ma ya haɗa wa mutane, a zatonsa ci gaba ne. Sai hukuma ta yi doka: dikodar nan sata ce, duk wanda aka kama ya haɗa ta, an raba shi da sana'ar.

Ku saurara, jama'a. Abokan sana'arsa tsoron kamu suka ji. Shi kuwa kunya ya ji, da ya gane gumin masu shirye-shiryen tashoshin nan ya taya mutane ci. Ya ɗauki tsaninsa, gida-gida, yana ba da haƙuri yana cirewa. Wasu suka zage shi, wasu suka ce ya fiye iyayi.

Saura gidan kallon ƙwallo na Alhaji Barau. Tanimu ya durƙusa ya ce, "Alhaji, haƙƙin mutane ne, a bari in cire."

Alhaji ya ce, "Kai ka haɗa, yau kuma ka zama malami? Fita!"

Sau uku yana zuwa, sau uku ana korarsa.

Ranar da jami'an hukuma suka dira gidan kallon, duk masu haɗa satalayit suka yi layar zana. Babban jami'in ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Alhaji ya kau da kai. Tanimu na cikin 'yan kallo, ya kuma san in ya amsa, a bakin abincin iyalinsa ne. Duk da haka ya fito ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Wallahi sai kunya ta kama Alhaji. Ya ce, "Yallaɓai, kada a taɓa shi. Sau uku ya zo cirewa, ni na kore shi."

Jami'in ya juya ga Tanimu ya ce, "Dama muna neman wanda zai haɗa wa garin nan dikoda ta halal. Gobe ka zo ka karɓi takardar izini."

To 'yan'uwa, haƙƙi haƙƙi ne, ko ta iska ya shigo ɗakinka. Wanda ya tsaya kan gaskiya, Allah kan sa mai korarsa ya zama shaidarsa. Kowa ya koma gida ya duba abin da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsa.