Hannun Raihana, Ɗiyar Mahaucin Baure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Shehinmu kuma madogararmu a cikin sanin addini, masanin fiƙihu da tafsiri da luga, mai gudun duniya, mai yawan azumi da ƙarancin magana, Allah Ya haskaka makwancinsa, ya zauna a cikin birnin Daura shekaru masu yawa yana karantarwa a zaurensa na ƙasa, bai taɓa neman a san shi ba, bai kuma taɓa yarda a ambaci wata karama tasa a gabansa ba. Don haka ne ba zan kama sunansa a nan ba. Abin da zan rubuta ya faru a shekarun farko da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Wani sashe nasa da idona na gani ina zaune gaban Shehi, sauran kuwa daga bakin mai abin na ji shi, wato Harisu mahauci, mutumin Baure.

Harisu ya gaji fawa ne iyaye da kakanni, kuma a kasuwar Baure an san shi da tsabtar aiki. Idan ya rataye rago, ba ya bukatar gatari don ya cire karfata, domin ya san inda wuƙa ke shiga ta fita ba tare da ta taɓa ƙashi ba. Yana da ɗiya, autarsa, 'yar kimanin shekara goma, sunanta Raihana, yarinya mai surutu da son dariya, wadda ita ce ke tarbarsa a ƙofar gida kullum ya dawo daga kasuwa.

Wata shekara da kaka, Raihana ta bi 'yan uwanta gona, aka ɗora ta a kan amalanken shanu da aka cika da harawa. A kan hanyar dawowa ƙafar amalanken ta faɗa rami, yarinyar ta sulluɓo daga sama, ta kai hannun dama don ta tare ƙasa. Kafin a iso gida gwiwar hannun ta kumbura, ba ta iya ɗaga kafaɗar. Maƙwabta suka ce a kai ta wurin wani maɗori a wani ƙauye nan kusa. Maɗorin ya ja hannun, ya jera karare tun daga damtse har wuyan hannu, ya ɗaure da tsumma tamau, ya ce kada wanda ya kwance.

Kwanaki Raihana ba ta barci, kuka take yi tana roƙon a sassauta mata, ana ba ta haƙuri ana cewa haka ɗori yake. Sai wata safiya ta daina kukan. Mutanen gida suka yi murna, suka ce sauƙi ya samu. Harisu ya tsuguna ya dubi 'yan yatsun da suka leƙo daga ƙarƙashin tsumman, nan take ya gane ba sauƙi ba ne, domin shi mutum ne da ya san kalar naman da jini ke gudana cikinsa, ya kuma san kalar wanda jini ya bari. Ya mintsini babban yatsanta da ƙarfi, yarinyar tana kallonsa kawai, ba ta san ma ya taɓa ta ba. A ranar ya ɗauki shatar mota, shi da matarsa Barakatu, suka nufi asibiti a Daura.

Likitan da ya karɓe su mutum ne mai natsuwa da tausasa harshe. Da ya yanke tsumman ya zare kararen, wari ya tashi, fatar ta yi baƙi-baƙi ta ɗuri ruwa. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashi, ya kira Harisu gefe, ya ɗaga hoton wajen haske yana nuna masa da yatsa. Ga allon kafaɗa, ga ƙashin da ya gitta daga gindin wuya ya riƙe kafaɗar, ga kan ƙashin damtse mai kama da ƙwallo, wanda ya ɗan goce daga gurbinsa. Wannan, in ji likita, mai sauƙi ne, ya riga ya mayar da shi. Matsalar tana ƙasa: ƙashin damtsen ya karye dab da gwiwar hannu, inda yake haɗuwa da ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, kuma ta daidai nan ne babbar jijiyar jini ke wucewa. Karaya ta danne ta daga ciki, ɗauri ya shaƙe ta daga waje. Ya ce ya gyara zaman ƙashin, ya tsaga fatar don naman ya sami sarari, amma har yanzu bai ji bugun jini a wuyan hannunta ba, ruɓar kuwa hawa take yi. In gobe ta yi babu canji, zai tura su Katsina a yanke hannun don a ceci ranta. Ko a saman gwiwa za a yanke, ko a gaɓar kafaɗa, wannan sai abin da aka gani.

Wani uban, da ya ji haka, baƙin ciki kawai zai yi, don bai san yadda abin yake ba. Harisu kuwa ya sani. Ya san yadda ake ɗaga hannu a shigar da wuƙa ta hammata, yadda jijiyoyi ke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, yadda kan ƙashin ke fitowa daga gurbinsa fari fat da santsin guringuntsi, da ɗan ruwan nan mai yauƙi da ke biyo shi. Abin da hannunsa ya yi wa dabbobi tun yana saurayi ba tare da ya taɓa tunani a kai ba, shi ne yanzu yake gani a jikin ɗiyarsa ko ya rufe ido ko ya buɗe. Ya fita bayan ɗakin marasa lafiya ya yi amai, ya zauna a ƙasa.

'Yan uwan da suka biyo su kowa da shawararsa. Wasu suka ce a kai maɗorin gaban alƙali. Wasu suka ce a sace yarinyar daga asibiti a tsallaka iyaka da ita ta Kongolam, akwai wani mai magani a can da ba a taɓa yanke wa wanda ya je hannunsa gaɓa ba. Harisu ya rasa wadda zai kama: in ya bar ta, hannu zai tafi, in ya ɗauke ta, wataƙila rai ne zai tafi. Barakatu ta matso kusa da shi ta ce, wata dattijuwa mai jinya a gadon da ke kusa da nasu ta ba ta labarin wani malami a cikin gari.

"Malam, ka je wurinsa," in ji ta. "Ni zan zauna da ita. Ko ba komai, a roƙa mana Allah Ya nuna mana abin da ya fi alheri."

Bayan azahar ya iso zauren. Mun cika shi maƙil, don haka ya raɓa can baya kusa da takalma ya zauna, babu wanda ya san shi, babu wanda ya tambaye shi. Babin alwala ake karantawa a ranar. Mai jan baƙi ya karanta wanke hannuwa zuwa gwiwa, Shehi ya fassara, ya yi bayanin cewa gwiwar ma tana cikin abin da ake wankewa. Mai karatu ya ci gaba, ya shiga mas'alar mutumin da aka yanke wa hannu, abin da ya wajaba ya wanke na dungun da ya rage. Harisu ya gaya mini cewa a lokacin ne ya fara laluben takalmansa don ya gudu.

Sai Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ɗaga hannu ya tsayar da mai karatu.

"Tsaya nan," in ji shi. "Yau ba za mu karanta wannan mas'ala ba. Akwai zuciyar da ba za ta iya ɗauka ba a cikinmu."

Ya rufe littafin, ya dubi can bayan zaure, ya ce baƙon da ya zo daga gabas ya matso. Muka dare muka ba shi hanya. Harisu ya durƙusa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam." Da ƙyar ya iya faɗin labarin, Shehi yana sauraro kansa a sunkuye har ya gama.

Shehi ya nemi buta ya sabunta alwala, ya dawo kan buzunsa, ya ce wa Harisu ya miƙo hannunsa na dama. Ya ɗora tafinsa a kan kafaɗar mahaucin, leɓunansa na motsi ba ma jin abin da yake faɗa. Ya gangaro a hankali ta damtse, ya tsaya a gwiwar hannu ya daɗe ƙwarai, har muka ga gumi yana tsattsafowa daga ƙarƙashin rawaninsa yana bin gemunsa, fuskarsa ta canza kamar mai jin ciwo. Sannan ya bi sangalin hannu zuwa wuyan hannu, ya kama 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, gaɓa bayan gaɓa. Da ya saki hannun sai ya ce:

"Kai ka san yadda ake raba su. Wanda Ya haɗa su tun a cikin mahaifa Ya fi ka sanin su. Koma wurin ɗiyarka. Kada ka fitar da ita daga hannun likita, abin da ya ce a yi, a yi. Mu roƙo kawai muka yi, babu komai a hannunmu."

Harisu ya fito hankalinsa ya fi na da tashi. Bai sami rubutun sha ba, bai sami laya ba, kuma maganar nan ta a yi abin da likita ya ce, ji ya yi kamar an sanar da shi ne cewa hannun ya tafi, sai haƙuri. Ya taka da ƙafa har asibiti bai san inda yake jefa ƙafa ba, yana shirya yadda zai gaya wa Raihana abin da za a yi mata gobe, kowace kalma ya ɗauko sai ya ga ba ta faɗuwa.

Tun daga baranda ya jiyo ihu, ya kuma gane muryar. Ya ɗauka ko rai ne ke fita. Ya dafa bango ya shiga, ya tarar da Raihana tana birgima a kan gado, Barakatu ta riƙe ta, likita kuma ya kama wuyan hannun ya rufe ido.

"Baba, yatsuna!" in ji ta. "Wuta ce a yatsuna!"

Likita ya kamo yatsun Harisu ya ɗora a wurin. Can ƙasa, siriri kamar zare, wani abu yana bugawa. Likitan ya ce wannan ciwon da take ji shi ne abin da ya wuni yana fata, domin naman da ya mutu ba ya ciwo. Ya ce akan samu jijiyar da aka danne ta buɗe daga baya, amma shi bai sa rai ba a hannun da ya kai wannan hali, sai dai a gode wa Allah. Barakatu kuwa ta gaya wa mijinta cewa gabanin la'asar yarinyar tana gyangyaɗi sai ta farka ta ce wani tsoho ya kama mata kafaɗa yana bin hannunta, alhali babu namijin da ya shigo ɗakin.

Fargabar ba ta ƙare a ranar ba. Makonni suka yi ana wanke ciwon ana kankare mataccen nama, zazzaɓi ya tafi ya dawo, kowace safiya Harisu sai ya shinshina hannun kafin ya iya karyawa. A ƙarshe kan ƙaramin yatsa ya tafi, gwiwar kuma ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Amma hannun ya tsaya a jikinta.

Abin da mu muka gani a zaure kuwa shi ne, tun daga sallar la'asar ta wannan rana Shehi bai iya ɗaga hannunsa na dama ba. Da hagu kaɗai yake ɗaga kabbara, wani ne ke juya masa shafi in ana karatu, kuma ni da nake zuba masa ruwan alwala na ga gwiwar hannun ta kumbura ta yi baƙi. Da muka roƙe shi a kira mai magani sai ya yi murmushi ya ce, "Tsufa ne, zai wuce." Bai wuce ba sai a makon da aka sallami yarinyar.

Kafin su koma Baure, Harisu ya kawo ta ta yi gaisuwa. Tana shiga zauren ta tsaya cik, ta ɓuya a bayan mahaifinta, ta ja rigarsa ta ce a hankali, "Baba, shi ne." Shehi ya ji, ya kau da kai ya ce yara sukan ga abubuwa da yawa a cikin zazzaɓi. Ya umarci Harisu ya je wurin maɗorin nan, ba da faɗa ba, ya nuna masa abin da ɗaurinsa ya jawo, don kada a maimaita a kan ɗan wani. Sannan ya dubi yarinyar ya ce ta ɗaga hannuwanta biyu ta roƙa masa gafara wurin Allah. Ta ɗaga, na daman yana karkarwa a tanƙware, shi kuma wannan babban bawan Allah ya sunkuyar da kai yana cewa amin, hawaye na zuba a gemunsa.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun Shehinmu, kuma falala ta Allah ce, Yana ba da ita ga wanda Ya so. Ya Ubangiji, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa tare da salihan bayinKa, Ka amfane mu da iliminsa da albarkarsa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka kiyaye mana gaɓoɓinmu muddin ranmu, Ka sanya su masu shaidar alheri a gare mu ranar da za a tambaye su. Amin, don alfarmar Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.