Rariyar Gidan Dagaci

Wata rana da hantsi aka ga Nomau yana tsallake dangar gidan Dagaci, rariya a hammata, wando ya yage har gwiwa. Kafin azahar an gurfanar da shi a zaure.

Dagaci, wanda ya daɗe yana kwaɗayin akuyar Nomau, ya ce, "Ba zan sa a yi maka bulala ba. Ka mayar wa mai rariya kayanta kafin la'asar. Amma kada ka taka gidana, kada ka aiki kowa, kada ka jefa ta kan danga. In ka kasa, akuyarka ta zama tawa."

Nomau ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ya zaro allura daga hularsa, ya kama ɗinke yagar wandonsa.

Da aka kira la'asar, Dagaci ya ce, "A je a kwanto akuya."

"Ai na mayar tun da hantsi, ranka ya daɗe."

"Wa ka mayar wa?"

"Mai ita mana, Kande matata. Uwargidanka ce ta are ta ranar bikin 'yarku, ta ce yanzu-yanzu za a dawo da ita. Ga 'yar har ta yaye biyu."

Dagaci ya ce, "To me ya hana ka biyo ƙofa ka tambaya?"

"Ni, in tambayi gidan sarauta abin da suka ara? Ai gara a ce mini ɓarawo da a ce ba ni da kara."