Ragon Jatau a Turken Baba Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can da daɗewa, ana ce masa Baba Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. 'Yar gonarsa, matarsa Iya Delu, da turke ɗaya a bayan ɗaki, shi ke nan duniyarsa. Amma ku saurara, akwai abin da tsohon nan yake jira shekara guda cur kamar yadda manomi ke jiran ruwa: zuwan jikokinsa.

Ɗansa Sallau a birni yake aiki. Duk Babbar Sallah sai ya kwaso yaransa, Munniru da ƙanwarsa Suwaiba, ya kawo su gida. Gidan da ya yi tsit sai ya cika da ihu. Su hau tsamiya, su kori kaji, su zauna gaban wuta kakansu na juya rago yana yanko musu hanta. Munniru kuwa, kun san wasan jika da kaka, da ya shigo zai ce, "Tsoho, ina matata? Ka ramar mini da ita!" Baba Nomau ya ce, "Kai tafi can, mijin da ko wandon kirki ba shi da shi."

To, a wata Sallah sai Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, surukaina suna ta ƙorafi. Sun ce su ma jikokinsu ne, kuma can sa ake yankawa. Wataƙila baɗi mu yi Sallah a can."

Maganar nan ta tsaya wa tsoho a ƙirji. Ya ce, "Ka kawo mini su baɗi. Zan kiwata musu ragon da ba su taɓa ganin irinsa ba."

Ya kuwa kiwata. Dusa, harawa, kanwa, har ruwan tsarin Iya Delu bai tsira ba. Rago ya yi ƙiba, wuya kamar turmi.

Ana nan sai maƙwabcinsa Jatau, wani yaro talaka mai hankali, zai kai matarsa goyon ciki gidan iyayenta a wani gari mai nisa. Cikin yana ba ta wahala, don haka zai zauna kusa da ita. Ya jawo ɗan ragonsa ya ce, "Baba, ga amana. Na suna ne. In ta sauka zan zo in ɗauka." Baba Nomau ya ɗaure shi gefen nasa.

Sallah ta matso, damina ta faɗi, dawa ta fara toho. Ku da kuka san kiwo kun san tohon dawa guba ne ga dabba. Wata safiya ragon tsoho ya tsinke igiya ya faɗa gona. Kafin a gan shi ciki ya kumbura, kafin a kawo wuƙa rai ya fita. Mushe! Wahalar shekara ta tafi a banza.

Baba Nomau ya zauna bakin turke ya rasa abin da ke masa daɗi. Rumbu ya yi ƙasa, babu abin sayarwa, ga yara na hanya. Abinci ya ƙi shiga. In ya ɗaga kai, ga ragon Jatau yana tuƙa, yana kallonsa.

Iya Delu ta ce, "Malam, matar Jatau fa da sauranta, na ƙirga da kaina. Ka yanka wannan. In an yi girbi ka saya masa wanda ya fi shi. Jatau ai kamar ɗanka ne, zai hana ka?"

"Ba zai hana ni ba."

"To?"

"To ai ba ya nan balle in tambaye shi."

"Sai ka bari yaran su zo su ga turke wayam? Su koma su ce gidan kaka ko hanta babu? Wallahi ba za ka ƙara ganinsu da Sallah ba."

Ku saurara, jama'a. Ba muguwar mace ba ce, ita ma jikokin take so. Kuma maganarta da ƙamshin gaskiya, abin da ya sa ta yi nauyi ke nan. Tsoho ya je turke ya dawo, ya je ya dawo. Har ya kama igiyar, sai ya saki. Ya ce, "Delu, da wane baki zan ce wa Allah ga layyata, alhali Ya san ta wa ce?"

Yara suka iso. Munniru ya ruga bayan ɗaki ya dawo yana dariya. "Tsoho, wannan ne ƙaton ragon? Ai ɗan akuya ne!"

Baba Nomau ya ce, "Shi ma ba namu ba ne." Ya zaunar da ɗansa ya gaya masa komai.

Aka sauko Idi. Hayaƙi ya tashi a kowane gida, ban da nasu. Suwaiba ta yi ta kuka. Munniru ya ce, "Ka kasa yi wa matata layya, bana sai na tafi da ita." Wasa yake yi, amma tsoho bai yi dariya ba. Sallau kuwa ya ce gobe za su koma, ko sa tarar da naman surukai. Baba Nomau ya ce a ransa, shi ke nan, ta ƙare.

Washegari ana ɗaure kaya sai ga sallama. Jatau ne, ƙafa duk taɓo. Matarsa ta haifi bakwaini, namiji, suna ya ƙarato. Ya durƙusa ya ce, "Baba, tun a hanya na ji labarin ragonka, na ji kuma baƙi sun zo. Na ce to nawa ya tafi, na ma yafe. Na zo ne kawai in sanar da kai haihuwa." Bai rufe baki ba rago ya yi kuka daga bayan ɗaki. Jatau ya miƙe, ya leƙa, ya rufe fuska da riga.

Sallau na tsaye da ƙunshin kaya a hannu. Ya daɗe yana kallon ubansa. Sai ya ajiye ya ce wa yaran, "Ku kwance." Ya juyo ya ce, "Baba, muddin kana raye, a nan za su riƙa yin Sallah. Nama ko'ina akwai shi. Wannan da suka gani yau ban san inda zan kai su su gani ba."

Munniru ya ce, "To tsoho, na bar maka matar, amma aro." Sai a lokacin Baba Nomau ya yi dariya, hawaye na bin gemu.

To, kun ji. Amana ba a cin ta da niyyar biya, ko da mai ita zai yafe. Ku kakanni da ke zaune nan, kuna ta damuwa da abin da za ku sa wa jikoki a baki in sun zo hutu. Nama kwana nawa yake yi a ciki? Halin da suka gani a gidanku, shi za su ɗauka su tafi da shi, shi za su ba nasu jikokin labari. Ku duba turkenku, ku duba abin da aka ba ku ajiya. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.