Kwamfutar Fahad Ta Ƙi Tashi

Akwai wani matashi a Unguwar Rimi mai suna Fahad, ma'aikaci a sashen zanen gine-gine na wani ofishin gwamnati. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce: da zarar ya kalli bidiyo biyu a kan abu, to ya zama farfesa, kuma duk wanda ya yi masa gyara ya zama maƙiyinsa.

Ya daɗe yana burin haɗa kwamfutar tebur da hannunsa. Wata Asabar ya shiga Babbar Kasuwa, ya nufi shagon Malam Lawal, dattijon da ke sayar da kayan kwamfuta. Shagon ƙarami ne, amma kowa a layin ya san shi da amana. Sunan nan mai kyau shi ne duk jarinsa.

Fahad ya sayi madabod, wato babban faifan da komai ke hawa kansa, da ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, da akwatin da za a haɗa su a ciki, da sauran tarkace. Malam Lawal ya ce ya ɗan zauna ya nuna masa abu biyu zuwa uku kafin ya tafi. Fahad ya yi murmushi, ya ce ai shi ya wuce wannan ajin.

A gida ya baje kaya a teburin cin abinci. Kafin la'asar ya gama ɗaure komai. Ya kira matarsa Khadijat ta ɗauki bidiyon tashin farko, har da gyara zaman hula.

Ya danna maɓalli. Fankar cikin akwatin ta ɗan motsa, ta tsaya. Allo baƙi ƙirin.

Ya sake dannawa, haka. Fahad ya tsaya baki buɗe, don ko a mafarki bai kawo wannan ba.

Ya canza waya. Ya canza soket. Ya ce wutar NEPA ce ba ta da ƙarfi, ya tayar da janareta, duk ɗaya. Ya zare ram ya hura ya mayar. Har ranar Lahadi yana abu ɗaya, gumi na zuba. Ya zargi wuta, ya zargi soket, ya zargi Khadijat da taɓa teburin. Mutum ɗaya ne bai zarga ba, kun san shi.

Daga ƙarshe ya yanke hukunci cewa mataccen madabod aka sayar masa. Khadijat ta roƙe shi ya fara kiran dattijon a waya. Ya ce ta yi shiru, ba fanninta ba ne.

Ya ɗauko hoton Malam Lawal daga shafin shagon, ya sa a Fesbuk, ya rubuta cewa jama'a su yi hattara da wannan ɓarawon mai gemu, yana sayar da matattun kaya a sabon kwali.

Jama'a, ku ji tsoron Allah. Kafin safiyar Litinin hoton ya zaga unguwar Kawo, ya zaga Malali, ya zaga Unguwar Sarki. Mutanen da ba su taɓa taka shagon ba suka fito suna rantsuwa cewa su ma ya cuce su. Wallahi abin nan yana ƙona mini rai.

Ranar Litinin da yamma Malam Lawal ya kira Fahad, ya nemi kwatancen gida. Fahad ya ba shi, ya zauna yana shirya baƙaƙen maganganu. Sai ga dattijo ya sauko daga keke mai ƙafa uku, ba ɗan sanda, ba ɗan rakiya, sukundireba kawai a aljihu. Ya yi sallama, ya gaida Khadijat, ya ce a nuna masa mara lafiyar.

Ya danna maɓallin sau ɗaya, ya ga yadda fanka ta yi. Ya kwance madabod ɗin gaba ɗaya, ya fito da shi daga akwatin, ya ɗora a kan kwalinsa, ya jona masa wuta da allo a nan waje.

Fanka ta kama juyawa. Allo ya kawo haske.

Khadijat ta dafe ƙirji tana salati. Fahad kuwa ya daskare a tsaye.

"Fahad, akwai wata 'yar leda da ta zo cikin akwatin nan, mai ƙananan ƙusoshi na tagulla. Tana ina?" in ji Malam Lawal.

Fahad ya ce ya ɗauka rara ce, ya jefa a kwandon shara. Khadijat ta je ta tono ta.

Malam Lawal ya bayyana masa cewa waɗannan su ne ƙafafun da ke ɗaga madabod daga jikin akwati. Shi kuwa Fahad ya ɗaure faifan kai tsaye a kan ƙarfe, bayansa na taɓa ƙarfen, wuta na haɗuwa, shi ya sa na'urar ke kashe kanta don kada ta ƙone. Ya ce Allah ya taimake shi da ba ta ƙone ɗin ba. Ya ɗaura ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da komai, kwamfuta ta tashi lafiya lau.

Fahad ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Yanzun nan zan goge."

"Na yafe maka tun a hanya," in ji Malam Lawal. "Amma bari in gaya maka abu ɗaya. Shekara goma sha huɗu ni nake jan sallah a layinmu. Yau da azahar na matsa gaba, sai maƙwabcina ya riƙe mini hannun riga, ya ce in dakata tukuna har a gama bincike. A sahun baya na yi sallah, ina jin ana raɗa."

Ya mayar da sukundirebarsa aljihu, ya yi musu sallama. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Fahad ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Ya goge rubutun, ya rubuta dogon ban haƙuri. Washegari ya bi layin shago shago yana faɗin gaskiya da bakinsa, kuma 'yan layin sun ji kunya, sun ba dattijon haƙuri.

Sai dai rubutun farko mutum sama da dubu huɗu ne suka tura. Na ban haƙurin, mutum talatin da ɗaya. Har yau akan sami wanda zai zo bakin shagon, ya dubi fuskar Malam Lawal, ya dubi wayarsa, ya wuce shago na gaba.

Darasi: Idan abu ya lalace a hannunka, ka fara binciken kanka kafin ka ɗora wa wani. Kuma kada ka tura zargin da ba ka tabbatar ba, domin mutuncin da ka zubar a minti ɗaya ba lallai ka iya mayar wa mai shi ba. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da abokai, musamman masu saurin yatsa.