Taikun na Tudun Wada

Akwai wani matashi a Tudun Wadan Zariya mai suna Kailani. Da ya mallaki keke Napep huɗu, sai ya sa aka rubuta "Taikun" a bayan kowanne, ya ce da sunan nan za a riƙa kiransa.

Kowa ya bi, ban da Nagoda mai faci, abokinsa tun ƙuruciya.

"Taikun ake cewa yanzu," in ji Kailani.

Nagoda ya yi dariya. "Ni da na san ka tun kana yawo da wandon yayanka?"

Daga ranar Kailani ya mayar da facin kekunansa unguwar Kwangila. Ko sallama ya daina yi masa.

A lokacin yana neman auren Rauda, wata mai ɗinki da ba ta rabo da tsofaffin littattafai. Wata yamma a wurin zance ta ce, "Ka san asalin sunan nan naka kuwa?"

"Turanci ne mana. Hamshaƙin attajiri."

"Su ma Turawa daga Japan suka aro shi. Ma'anarsa babban ubangida. Na karanta cewa da shi fadawa ke ambaton mai mulkinsu in suna magana da baƙi, don a ga girmansa. Suna ne na baƙi." Ta sunkuyar da kai. "Baba kuwa 'yan gida yake tambaya. Gobe zai yi bincike a kanka, kuma wurin Nagoda za shi."



Washegari Kailani ya laɓe a tsallaken titi, daura da rumfar faci. Ya ga mahaifin Rauda zaune a bencin Nagoda, sun daɗe suna magana. Ya ce a ransa, shi ke nan, Rauda ta kuɓuce.

Bayan la'asar ta kira shi. "Baba ya ce ka turo magabatanka."

"Me... me Nagoda ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Alhaji, yaron kirki ne. Shi ya yi jinyar mahaifiyata wata biyu. Wani suna ne ke damunsa kwanan nan, amma zai warke.'"

Kailani ya taka har rumfar faci, ya tsaya. Nagoda bai ko ɗago kai ba.

"Riƙe min tayar nan. Kuma ni ne babban abokin ango, ba sai ka roƙe ni ba."

Darasi: Babban suna baƙi yake burgewa, amma ranar da za a tambayi halinka, wanda ya san ka tun ba ka da komai za a nema. Kada ɗaukaka ta sa ka yar da shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.