Sarkin da Ke Tsakanin Rai da Dutse

A zamanin da aljanu ke cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani jarumi, Jatau ɗan Barmo, jikan maƙeran Dutsen Gwauro, dogo, kakkaura, mai tsadar magana, mijin Tasalla 'yar Sarki Gwabare. Ana zaune ƙalau sai guguwar aljanu ta sure sarkin da karagarsa, gari ya zama maraya. Jatau ya rataya takobi, ya keta dazuzzuka baƙaƙe ƙirin da koguna masu gudu sama, har ya isa fadar Zarƙanu sarkin aljanu, inda kowace ƙofa take a buɗe kuma a rufe, sai wadda ido ya sauka a kanta ta tsaya a hali guda.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Zarƙanu ya ce, "Ɗan Adam, surukinka na bayan labulen can, rayayye ne kuma dutse ne, duka biyun a cakuɗe. Karagarsa na fuskantar tsakanin gabas da arewa. Gabas rai, arewa dutse; gwargwadon karkatarta, gwargwadon rabonsa, abin da ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Ido kuwa ba ya karɓar cakuɗe. Ka dube shi, ɗaya ya tabbata har abada."

"Ranka ya daɗe, ina ta fi karkata?"

"Arewa. Shiga ka gani mana, in ka isa!"

Jatau ya tuɓe takalmi ya shiga, kai a sunkuye, domin a garinsu mutum ba ya ɗaga ido ya kalli surukinsa ko gobara ake. Ya laluba ya kama ƙafar karagar, ya sa kafaɗa yana juya ta sannu-sannu. Aljanu suka yi caa: "Surukinka ya motsa! Duba mana, matsoraci!" Amma Jatau bai ɗago ba, sai da karagar ta fuskanci gabas sosai.

Sai ya ji tari a kansa. "Wane ne ke jijjiga ni haka?"

"Ni ne, Baba."

"Jatau? Ɗago ka dube ni, ɗana."

"Allah ya ba ka nasara, ba a yi haka ba."

Sarki Gwabare ya yi dariyar da ta girgiza fadar, Zarƙanu ya sallame su da girma. Suka shiga gari ana kiɗa ana guɗa, Sarki a gaba, Jatau a baya, idonsa a ƙasa. Tsarki ya tabbata ga Masanin abin da ido bai gani ba.