Bushiya da Labarin Hanyar Fita

An yi wata 'yar Bushiya da ke zaune a ramin Gwaggo Gafiya tare da ɗan Ɓera da ɗan Kurege. Ramin nan rassa gare shi kamar saiwar kuka, kuma tsoron kowa ɗaya ne: ranar da mafarauta za su banka masa hayaƙi.

Don haka Gwaggo ta mayar da hanyar tsira labari, wai na kakarta, ta ce kowa ya riƙe. Kurege ji ɗaya ya haddace. Ita kuwa Bushiya, baiwar Allah, kafin a kai ƙarshe farkon ya gudu.

"Kanki kamar rariya!" in ji Kurege. "Ranar hayaƙi ke ce naman miya."

"Rufe mana baki!" in ji Gwaggo. "Bushiya, faɗi gaɓa ɗaya, Ɓera ya ɗora, ke ma ki ɗora. In ba ku gane ba, ku tambayi dalili. Kai ma Kurege, zauna."

"Ni? Da waɗannan? Allah ya kiyaye!"

Kullum Bushiya da Ɓera suna bita, suna tafe suna shafa bangon rami.

Wata rana da hantsi, Gwaggo ta fita kiwo, sai suka ji haushin karnuka a bisa kansu. Can sai wari, sai hayaƙi ya turnuƙe. Kurege ya yi fit ya bar su.

Bushiya ta lalubi labarin a kanta, wayam!

"Wayyo Ɓera, na manta! Mun mutu!"

"Ni ma rabi na sani," in ji Ɓera yana tari. "Kaka ta ji hayaƙi, sai ta yi me?"

"Sai... sai ta kwanta da ciki!"

Suka kwanta, suka ja jiki.

"Ta bi saiwar tsamiya," in ji Ɓera. "Daga nan fa?"

Ga haske tar a dama, iska na shigowa. Ƙafafun Bushiya har sun nufi can, sai ta tuna ranar da ta tambayi Gwaggo dalili.

"Kaka ta ƙi haske! A bakin babbar ƙofa kare ke tsayawa. Ta bi ƙasa mai laima!"

Suka kutsa cikin duhu, har suka ɓulla a ƙarƙashin sarƙaƙiya.

Daga nan suka ji ƙara. Kurege ne! Tsoro ya watsa masa haddar, ba mai tuna masa, ya bi haske ya faɗa bakin kare. Da ƙyar ya fizge, ya bar rabin wutsiyarsa a can. Ya iso jina-jina, ya raɓa gefen Bushiya, ko ɗaga ido bai iya ba.

Darasin wannan labari shi ne, yara, kada ku yi wa mai jinkirin fahimta dariya. Ku zauna da shi ku yi ta bita, kuna tambayar dalili. Abin da kai ɗaya ya riƙe, tsoro na iya ƙwace shi, amma wanda aka riƙe tare, in wani ya manta wani zai tuna.